Darasi na 9: Haƙa Dogon Rami Mai Zurfi

Duk wanda ya taɓa leburanci ya san dogon rami. Shi ake haƙawa in za a binne bututun ruwa ko wayar lantarki, ko za a ja lambatu, ko a sa harsashin gini. Aikin diga da shebur da kwanon sarki ne, kuma da shi da yawa daga cikinmu suke ciyar da iyali. A wannan darasi za mu koyi yadda mutum zai shiga rami da safe ya fito da ƙafarsa da yamma.

Nauyin ƙasa

Mu fara da lissafi. Buhun siminti kilo 50 ne. A samo akwati mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1, a cika shi da ƙasa. Wannan ƙasar takan kai kilo 1,500, wato buhun siminti 30. In ta sha ruwa, ta fi haka nauyi. Ɗan gefen rami da ya ɓalle ya isa ya kai wannan awon.

Ba sai ƙasa ta rufe kan mutum take kashe shi ba. In ta kama shi zuwa ƙirji, duk sanda ya fitar da numfashi sai ta ƙara matse shi, har ya kasa jan wani. Kuma bango kan rufta ne cikin ƙiftawar ido, mai shebur ko juyawa ba ya samun yi.

A Amurka doka ta ce ramin da ya kai ƙafa 5, wato mita 1.5, dole a kare bangonsa kafin kowa ya shiga, kuma daga ƙafa 4 dole a sa tsani. Ni shawarata a fara kariya tun daga ƙafa 4, wato mita 1.2, kusan ƙirjin babban mutum. Dalili kuwa, mai haƙa ba a tsaye yake aiki ba. A sunkuye yake, kansa can ƙasa da bakin ramin.

San ƙasarka kafin ka sara

Ɗebi ƙasa mai ɗan damshi ka murza ta a tafin hannu kamar mai tufkar igiya. In ta yi siriri, ta kai tsawon ɗan yatsa ba ta katse ba, akwai laka a cikinta, tana da ɗan riƙo. In ta wargaje, yashi ne. Ƙasar jigawa ba ta tsayawa a miƙe ko kaɗan. Lakar fadama tana tsayawa, amma in rana ta buge ta sai ta tsattsage, in ruwa ya shiga tsagar sai ta zame gaba ɗaya. Jar marmara ita ta fi ruɗin mutane, domin diga na tartsatsi a kanta, sai a ɗauka ba za ta taɓa motsi ba, alhali wani lokaci yashi ne kwance a ƙarƙashinta.

Wadda na fi tsoro ita ce ƙasar ciko. A tsofaffin garuruwa irin su Kano, unguwanni da yawa suna da wuraren da a da kududdufai ne, aka cike su da shara da ɓaraguzai. In ka ga leda da tsumma da fasassun kwalabe suna fitowa a shebur, to a kan ciko kake. Haka ma wurin da aka taɓa haƙawa aka binne bututu. Irin wannan ƙasa ba ta da amana ko da zurfin bai kai ƙugu ba.

Tambayi masu unguwa da ma'aikatan ruwa da na lantarki ko akwai abin da aka binne a wurin. In kana haƙa ka tarar da shimfiɗar farin yashi, ko dogon kirtani na leda mai launi, ko jerin faifan kankare, ajiye diga. Alama ce akwai waya ko bututu a ƙasa. Daga nan sai shebur, a hankali, ta gefe.

Hanya biyu ta kare bango

Ta farko ita ce a kwantar da bango, bakin rami ya fi gindinsa faɗi, kamar kwarya. A ƙasa mai matsakaicin ƙarfi, kowace mita 1 ta zurfi a ja baya mita 1 a kowane gefe. A yashi ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, a ja baya mita 1 da rabi. Misali: rami mai zurfin mita 2, faɗin gindinsa mita 1, a cikin yashi. Gefen dama mita 3, gefen hagu mita 3, gindi mita 1. Faɗin bakinsa ya zama mita 7.

A lungun cikin gari babu wannan filin. Sai hanya ta biyu, wato tokara. Ana jera falankai a tsaye jikin bango biyun, a ɗora dogayen katakai a kwance a kansu, sannan a sa gajerun katakai masu kauri a tsakani su tokare wannan gefe da wancan. A yashi, falankan su haɗe babu tazara. Daga sama ake fara sa tokara ana bin ta ƙasa, don kada kowa ya tsaya inda ba a kare ba. Wajen cirewa kuma daga ƙasa ake farawa, ana cirewa ana mayar da ƙasa. Ruɓaɓɓen katako ko wanda gara ta ci ba ya shiga wannan aiki. In ramin ya yi zurfi sosai, ko yana dab da katangar gida, a nemo injiniya, domin rami na iya janye ƙasar da ke riƙe da harsashin maƙwabci.

Na taɓa tsayawa a wani wurin aiki da safe bayan ruwan dare. Wani saurayi ya ɗauki shebur zai dira. Wani dattijon magini ya riƙe masa hannu.

"Tsaya, ɗana. Me ka gani a nan?"

"Ba komai, Baba. Ɗan tsagu ne."

Tsagar siririya ce, ta bi bakin ramin kamar an ja layi da tsinke, taku ɗaya daga gefe. Dattijon ya durƙusa daga nesa ya nuna masa gindin bangon, inda ƙasa ke zubowa kaɗan-kaɗan kamar gari daga rariya. Ranar babu wanda ya sauka sai da aka kawo katako. Waɗannan su ne alamomin: tsaga a sama, zubar ƙasa, bango ya yi ciki, ko ruwa na tsattsafowa. A duba su kowace safiya, da kuma bayan kowane ruwan sama.

Abin da ke bakin rami

Ƙasar da aka fitar kada a tara ta a baki. A matsar da ita aƙalla santimita 60, in da fili a kai mita 1. Bulo da bututu da baro su ma haka. Tifa da katafila su yi nisa, domin nauyinsu da girgizarsu suna kwance bango. Tsani ya zarce bakin rami da kamar mita 1, kuma kada tazarar ma'aikaci da tsani ta wuce mita 7 da rabi. Kowa ya sa hular kwano. Kullum a bar mutum ɗaya a sama yana kallo.

Kada a kunna janareta ko injin jan ruwa a cikin rami ko a bakinsa. Gubar hayaƙinsa ba ta da wari. Kusa da masai ko sokawe kuma, in ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko kanka ya fara juyawa, fito nan take.

Da yamma a kewaye ramin da shinge, a sa fitila. Yara suna wasa a nan, masu zuwa sallar asuba suna bi cikin duhu, ruwan da ya taru a rami kuma ya isa ya ci yaro.

In bango ya rufta

Zuciya za ta ce ka dira ka ceci ɗan'uwanka. Daure. Bangon da ya rufta sau ɗaya yakan sake, sai mutum ɗaya ya zama biyu. A kashe duk injuna, a kori 'yan kallo daga baki, a kira 'yan kwana-kwana. A Nijeriya lambar gaggawa 112 ce. A tokare bango, sannan a tona da hannu da ƙaramin shebur, ban da diga, ban da katafila. A fara buɗe fuska da ƙirji. Kada a ɗaura masa igiya a ja. In ya fito, a kai shi asibiti ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau, domin naman jikin da ya daɗe a matse yana iya lalata ƙoda daga baya.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi a littafinka: rami, tokara, tsani, tsaga, ciko.

Rami mai zurfin mita 3, faɗin gindinsa mita 1, a ƙasa mai matsakaicin ƙarfi. Mita nawa faɗin bakinsa zai kasance?

Wace irin ƙasa ce a unguwarku? Ɗebo kaɗan a leda ka zo da ita aji mako mai zuwa, mu murza ta tare.