Yadda Mai Bi Zai Riƙe Godiya Sa'ad da Rayuwa Ta Yi Zafi

A bakinmu godiya ba ta da tsada. Ka tambayi mutum yaya aiki, ya ce da godiya, ko da wata uku ke nan bai ga albashi ba. Ka je dubiya, mara lafiya yana numfashi da kyar, ya ce da sauƙi. Wannan ladabi ne, babu laifi a ciki. Amma godiyar da Bulus ya umarci ikilisiyar Tasalonika, da ya ce a yi ta cikin kowane hali (1 Tasalonikawa 5:18), ta wuce amsa gaisuwa. Aiki ce da ake koyo kamar noma, tana da lokaci da tsari, tana kuma da wuraren da take lalacewa.

Fara da faɗin abin da ke ciwo

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsallake kuka a faɗa wa yabo. Wanda ya binne ɗansa jiya ya durƙusa yana cewa na gode, na gode, alhali ƙirjinsa cike da tambaya, ba da daɗewa ba yana iya daina addu'ar gaba ɗaya, domin ya san bakinsa da zuciyarsa ba su tafi tare ba.

Buɗe Zabura 13. Aya shida ce kawai, a rabe biyu-biyu. A aya ta 1 da ta 2 Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu. A ta 3 da ta 4 ya yi roƙo. Sai a ta 5 da ta 6 ya zo ga dogara da waƙa. Bi wannan jerin yadda yake, cikin minti goma: faɗi damuwar da sunanta (bashin naira kaza, sakamakon gwajin asibiti, gonar da ba ka iya zuwa saboda tsoro), roƙi abu ɗaya takamaimai, sa'an nan ka gode. Idan wata rana ka kasa kaiwa kashi na uku, karanta Zabura 88. Da duhu ta ƙare, kuma ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Yesu ma a gaban kabarin Li'azaru hawaye ya fara zubarwa, daga baya ya ɗaga ido ya gode wa Uba (Yahaya 11:35, 41), kuma a lokacin gawar tana cikin kabari.

Tsayar da lokaci tun kafin zuciya ta yarda

Wanda yake jiran sai ya ji daɗi kafin ya gode zai daɗe yana jira. Da aka sa hannu a dokar da za ta kai Daniyel ramin zakoki, ya shiga ɗakinsa na sama ya durƙusa sau uku a rana yana addu'a da godiya, kamar yadda ya saba (Daniyel 6:10). Sabon ne ya riƙe shi. Zaɓi lokaci biyu ka ɗaure su ga abin da kake yi dole: bayan wanke fuska da safe, da kafin a kashe fitila da dare. Minti biyar zuwa goma ya isa. Kada ka ɗora wa kanka awa guda ko azumin kwana bakwai a makon farko. Wanda ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa a hanya yake yar da su, sai kunya ta ƙaru a kan baƙin ciki.

Littafin tunawa

Sayi ƙaramin littafin rubutu irin na ɗaliban firamare. Kowane dare rubuta kwanan wata da abu uku, ba ƙari. Doka ɗaya ce: kada ka rubuta abin da za ka iya maimaitawa kullum ba tare da tunani ba. "Rai da lafiya" ba ya shiga. Abin da ke shiga shi ne irin wannan: maƙwabciya ta aiko da mudun masara, zazzaɓin yaro ya sauka da asuba, mai shago ya ɗaga mini kafa zuwa ƙarshen wata. Dalili kuwa, wahala tana ƙuntata ido har mutum ba ya ganin komai sai ita, kuma abin da aka kira da suna ne kaɗai yake iya tsayawa a gabanta.

Wanda bai iya rubutu ba ya sami gwangwani, ya riƙa jefa tsakuwa ko ƙwayar wake ɗaya ga kowane abin godiya yana faɗinsa da baki. Ba sabon abu ba ne: Joshuwa ya sa aka kwaso duwatsu goma sha biyu daga Kogin Urdun domin yara su tambaya, Sama'ila kuma ya kafa dutse ya kira shi Ebenezer, wato har zuwa nan Ubangiji ya taimake mu. Ranar Lahadi da yamma a juya baya a karanta na mako duka. Amfanin littafin a nan yake fitowa, don haka kada a tsallake.

Akwai daren da za ka zauna da biro ka rasa abin rubutawa. A irin wannan dare koma ga Habakkuk 3:17-18. Annabin ya lissafa asara shida: ɓaure, inabi, zaitun, gonaki, tumaki, shanu. Bai rage ko ɗaya ba, sa'an nan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa. Cire nasa ka sa naka: ko da dawa ba ta yi ba, ko da an kore shanun, ko da shagon ya ƙone. Godiyar wannan dare ba a kan abin hannu take tsayawa ba, a kan halin Allah da ceton da ke cikin Almasihu take, waɗanda fari da ɓarawo ba sa taɓawa.

Wata tambaya tana yawan tasowa a nazarin Littafi Mai Tsarki: shin zan gode saboda muguntar da aka yi mini? Afisawa 5:20 ta ce a gode saboda kowane abu, ba mu ɓoye wannan ba. Amma a ganinmu ba a gode wa Allah domin kisa ko fyaɗe ko zalunci, abubuwan da shi kansa ya ƙi. Yusufu ya kira abin da 'yan'uwansa suka yi mugunta, ya ce Allah ne ya juya ta zuwa alheri (Farawa 50:20). Yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, maganar nan kuwa sai bayan rasuwar mahaifinsu ya faɗe ta. Kada ka tilasta wa kanka faɗinta a watan farko.

A gida da cikin ikilisiya

A sujadar iyali, Zabura 136 ta fi sauƙi. Aya 26 ce, kowace tana ƙarewa da amshi ɗaya a kan madawwamiyar ƙaunar Allah. Mutum ɗaya ya karanta rabin aya, sauran su amsa, har yaron da bai shiga makaranta ba. Bayan an gama kowa ya ƙara layi ɗaya nasa na ranar, a amsa masa. Kada a yi wa yara ƙaryar cewa komai lafiya. Sun ga tukunya, sun san an rage awo.

Game da baikon godiya, ko na kaka ko na iyali, kada a ci bashi don a fita kunyar jama'a. 2 Korantiyawa 8:12 ta ce ana karɓa gwargwadon abin da mutum yake da shi. Wanda babu kuɗi a hannunsa ya share majami'a, ko ya kwana da mara lafiya a asibiti.

Masu zuwa gaisuwa, dattawa da zumuntar mata musamman, a nan ake yawan yin ɓarna. Kada ku shiga gidan makoki da "ki yi godiya, wasu sun fi ki shan wahala", ko ku jefa Romawa 8:28, ayar da ta ce komai yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, tun kafin ku zauna. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru. Da suka buɗe baki suna neman dalili ne Allah ya yi fushi da su. Ku kawo abinci, ku ɗebo ruwa, ku yi gajeriyar addu'a, ku dawo bayan mako uku lokacin da tabarmi suka naɗe kowa ya watse.

Inda take lalacewa

Godiyar ciniki ita ce ta fi yaudara: na yi yabo kwana arba'in, don haka dole ƙofa ta buɗe. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Alamar cewa ciniki kake yi ita ce fushin da ke tasowa idan wa'adin da ka yanka wa Allah ya wuce. Sai godiyar "gara ni da wane", irin ta Bafarisiyen da ke cikin Luka 18 da ya gode wa Allah cewa shi ba kamar sauran mutane ba ne, wadda take buƙatar wani ya faɗi kafin ta tsaya.

Kada kuma godiya ta zama dalilin naɗe hannu. Bulus da Sila sun yi waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, da gari ya waye kuma Bulus ya ce ba za su fita a ɓoye ba sai mahukuntan da suka sa aka doke su sun zo da kansu. Ka gode, ka kuma sha maganinka, ka bi haƙƙinka, ka gaya wa fasto ko dattijo cewa babu hatsi a gida.

Idan sama da mako biyu suka wuce barci ya ƙi, abinci ba ya shiga, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa, wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne da za a gyara da ƙarin waƙa. Da Iliya ya roƙi mutuwa a jeji, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi. A gaya wa wani amintacce a ranar, a je asibiti tare da shi, littafin tunawa kuma a bar wani na gida ya riƙa rubutawa a madadinka har hannunka ya dawo.