Abin sha a jirgin ruwan shakatawa, me ake bari ka shiga da shi?

Wani abokina da ke zaune a Amurka ya ce min wai shi ba ruwansa da dokar giya a jirgin ruwan yawon shakatawa tunda ba ya sha, na ce masa malam tsaya, dokar nan har kan zoɓonka take faɗawa.

Mu fara da masu shan. A jiragen kamfanin Carnival duk wanda ya kai shekara 21 an yarda ya shiga da kwalba ɗaya ta giyar inabi ko shamfen, mai mili 750, wadda ba a buɗe ba, a ranar hawa kawai, kuma a jakar hannu, kar ka cusa ta a akwati. In a ɗakinka za ka sha ba ko sisi, amma ka kai ta wajen cin abinci dala 15 za su caje ka kuɗin buɗewa. A jiragen kamfanin Royal Caribbean ma kwalba ɗaya ce. Biya da su wiski kuwa ƙwacewa ake yi, wadda ka saya a tasha in jirgi ya tsaya sai su karɓa su ajiye maka har ƙarshen tafiya.

To ga inda abin ya shafe mu. Mutane sun daɗe suna ɗura barasa a gorar ruwa ko robar maganin wanke baki, shi ya sa masu tsaro ke zargin duk robar da suka gani a na'urar duba kaya, su ɗaga ta su girgiza su shinshina, kai kana tsaye layi na bayanka ana kallonka. Don haka zoɓo ko kunun ayan da hajiya ta ɗura maka a gora, ka shanye abinka a gida. Carnival ba ta karɓar lemo ko ruwa a kwalba ko roba sam, sai gwangwani ko kwali a rufe, guda 12 kowane mutum. Royal Caribbean 12 ɗin na ɗaki ne gaba ɗaya, ba na mutum ba, amma su suna karɓar roba in ba ta wuce mili 500 ba.

Ni dai busasshen zoɓo da citta nake sawa a jaka, da kofi mai murfi, ruwan zafi kyauta ne a wajen shayi.

Ana sauya dokokin nan, ka leƙa shafin kamfanin kafin ka haɗa kaya. In kuma ba ka son ganin giyar ma kwata-kwata, akwai jirgin Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, babu barasa a cikinsa.