Hoton Iyalin Soja Kafin Tafiya: Kurakuran da Masu Sa-kai Suka Fi Yi

Idan aka ba soja takardar tafiya bakin daga, ko aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, abin da ya rage masa a gida kwanaki ne ƙidayayyu. A irin wannan lokaci ne wasu masu kyamara kan sa kai su ɗauki iyalin hoto kyauta. Na daɗe ina wannan aiki, kuma na lura yawancin inda ake yin tuntuɓe wuri ɗaya ne: mai ɗaukar hoton ya manta wa zai riƙe hoton, kuma a wane hali. Yarinya ce 'yar shekara huɗu za ta kwana da shi a gefen filo har wata tara. Soja ne zai zaro shi daga aljihun kaki a wurin da babu wuta, babu intanet.

Kuskure mafi ciwo shi ne jinkiri. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma sai ka ga an sa ranar ɗaukar hoto saura kwana biyu a tashi. Ranar tashin soja ba a hannunsa take ba, ana iya matso da ita cikin dare ɗaya. Ya taɓa faruwa da ni: na ɗauki wani saje da matarsa da 'ya'yansu uku ranar Asabar, na ce a ba ni mako guda in gyara. Ranar Talata matar ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce, "Malam, sun tashi tun asuba." Hotunan na cikin kwamfutata, ko ɗaya bai tafi da shi ba. Tun daga ranar nake neman a ɗauka saura mako biyu ko uku, kuma kafin in kwanta a daren da na ɗauka, nakan zaɓi biyar in gyara in tura. Sauran su biyo baya.

Turawar ma akwai gyara a cikinta. Idan ka aika hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar na matse shi ta rage masa inganci, in aka je wankewa sai fuska ta fito dishi-dishi. Ka tura shi a matsayin fayil. Hoton santimita 10 da 15 yana bukatar ɗigo 1200 da 1800 kafin ya fito tas. Kuma kada ka tsaya a waya kawai, domin waya na mutuwa, tana ɓata, akwai kuma wuraren da ake hana soja riƙe ta. Ka wanke masa ƙarami wanda zai shiga aljihu, a rufe shi da leda saboda gumi da ruwa, ka wanke wa kowane yaro nasa.

Sai maganar tsaro, wadda ita ce masu sa-kai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum ya ji daɗin aikinsa, ya ɗora a Facebook, ya rubuta cewa wane zai tafi wuri kaza ranar kaza, a taya shi da addu'a. Niyya mai kyau ce, amma ya sanar da duniya motsin runduna, ya kuma sanar cewa gidan nan zai zauna ba maigida. Sunan sojan na ɗinke a ƙirjinsa, tambarin bataliyarsa na hannun riga, lambar mota da ƙofar gida na bayansa. Ga kuma abin da ido ba ya gani: waya da kyamarori da yawa suna rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin. A 2007 a Iraƙi, wasu sojojin Amurka sun ɗauki sababbin jirage masu saukar ungulu ƙirar Apache suka ɗora a intanet, abokan gaba suka gano inda jiragen suke daga bayanan hotunan, suka harbo makamai suka lalata huɗu. Rundunar ce da kanta ta ba da labarin daga baya don jan kunne. A farkon 2018 kuma taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta tona wuraren sansanonin soja, daga sawun masu gudun safe kawai. Saboda haka ka kashe alamar wuri kafin ka fara, ka goge bayanan kafin ka tura, kada ka ɗora komai sai da izinin iyalin a rubuce. In sun ce a'a, shi ke nan, hoton nasu ne. Cikin bariki kuwa kada ka ɗaga kyamara sai hukuma ta yarda, kuma ka bar sojan ya faɗa maka abin da dokar rundunarsa ta hana game da kaki.

A ɓangaren sana'a, abin da ya fi ɓata hoton iyali shi ne buɗe idon kyamara da yawa don bayan hoto ya narke. A f/1.8, wato idon kyamara a buɗe sosai, mutum ɗaya zai fito da kyau, amma mutum biyar a layi biyu, na gaba ya fito sarai, na baya ya dushe, kuma sau da yawa sojan ne a baya saboda tsayinsa. Ka tsuke idon zuwa f/5.6 ko f/8, ka matso da kawunansu kusa da juna. In da yara, kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza 1/250 na sakan, don yaro ba ya tsayawa. Ka guji rana tsaka. Tana zuba inuwa a ramin ido, hular soja kuma ta ƙara rufe rabin fuska. Hantsi da wuri ko yamma liƙis sun fi, ko inuwar da haske ke shigowa ta gefe. Ka auna haske a fuska, musamman ga mai duhun fata da ke kusa da mai fararen kaya. Wani abin da ba a cika tunawa ba: kakin yaƙi an yi shi ne don ya saje da ciyawa da ganye, to in ka tsayar da soja gaban shuke-shuke, ka taimaka wa kakin ya ɓoye shi. Bango mara ado ya wadatar.

Akwai masu tsayawa a hoto ɗaya na kowa da kowa, an jeru kamar fareti. Ka ɗauki wannan, amma shi ne mafi ƙarancin amfani a watannin kewa. Abin da yaro ke so shi ne shi da babansa su biyu, ko shi da mamarsa in ita ce mai tafiya, don mata ma na sa kaki, kuma abin kunya ne ka iso ka miƙa wa mijin hannu kana tambayarsa yaushe zai tafi. Ka ɗauki sojan da kowane yaro daban, da abokin zamansa, da iyayensa in suna kusa. Tsofaffin nan ana yawan mantawa da su a gefe, alhali su ma ɗa suke sallamawa. Ka ɗauke shi kuma cikin kayan gida. Wata uwa ta taɓa ce min ɗanta ƙarami ba ya son hoton kakin, wai wannan baban tafiya ne, shi na gida yake so.

Abin da na fi so a kiyaye shi ne harshe da fuska. Kada ka nemi hawaye. Kada ka ce wa mace ta rungume shi kamar ba za ta sake ganinsa ba, kada kalmar "na ƙarshe" ta fito daga bakinka ko da nufinka hoton ƙarshe na zaman. Mutanen nan sun san abin da ke gabansu fiye da kai, kuma sun zo ne su sami awa ɗaya da ba a maganarsa. Kada ka tambayi ina za a kai shi, kada ka kawo ra'ayinka kan yaƙin. Ka ce wa yaron, "Zo ka nuna min yadda Baba ke sara wa manya," ka ga yadda dariya za ta ɓarke, kai dai yatsanka na kan maɓalli. In kuka ya zo da kansa, ka sauke kyamara, ka ba su baya na ɗan lokaci. Minti arba'in zuwa awa ɗaya ya isa. Bayan haka yara sun gaji, manya ma murmushinsu ya zama na dole.

Wasu kuma sukan ce kyauta, sannan su manna sunansu ɓaro-ɓaro a tsakiyar hoton, ko su ba da uku su ce sauran sai an biya. Ka faɗi tun farko hoto nawa za ka bayar, da yaushe, da wanda zai ɗauki nauyin wankewa, ka kuma tsaya a kai, alkawari kaya ne.

Kada ka goge fayilolin don ka miƙa aiki. Ka ajiye su wuri biyu daban, ka rubuta sunan iyalin da kwanan wata, ka bar su aƙalla har sojan ya dawo. Ana iya kiranka bayan wata bakwai a ce wayar ta faɗa ruwa, ko yaro ya yaga nasa. Ana kuma iya kiranka da labarin da ba ka so, a ce a turo wanda yake shi kaɗai, yana kallon kyamara. Saboda wannan kiran, a kowane zama nakan ware minti biyu in ɗauki sojan shi kaɗai, fuska a fili, haske mai kyau, ba tare da na faɗa wa kowa dalili ba.