Ka haɗa kwamfuta da hannunka ta ƙi tashi? Ga yadda nake bin ta

Kwanaki ƙanena ya kira ni da daddare, murya a shaƙe. Ya shafe watanni yana tara kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya, ranar ya zauna tun hantsi ya haɗa su, ya rufe gidanta, ya danna maɓalli, shiru. "Yaya, wallahi ina jin na ƙona furosesar," in ji shi, yana nufin ɗan guntun da ke zama ƙwaƙwalwar kwamfutar. Na ce ya kwantar da hankalinsa, kada ya sake taɓa komai sai na zo. Ba lallashi na yi masa ba. Na daɗe ina haɗa kwamfutoci, nawa da na abokai, kuma da wuya na ga kayan tsada ne suka mutu tun ranar farko. Galibi abin da ke hana ta tashi ƙarami ne: filogin da bai zauna ba, wayar da aka manta, ko ƙarfen da ya taɓa inda bai kamata ba.

Abin da na fara tambayarsa shi ne abin da zan tambaye ka: wane irin ƙin tashi? Akwai wadda ko motsi ba ta yi. Akwai wadda fankarta ke ɗan zabura ta tsaya. Akwai wadda fankoki ke juyawa, fitilu na haske, amma monita baƙi ƙirin. Akwai kuma wadda ke nuna hoto ta maƙale kafin ta shiga Windows. Kowace da inda ake nemo ciwonta, don haka ka buɗe murfin gefe, ka zuba wa fankar furosesa ido, sannan ka danna maɓallin. Ƙanena ya rantse tasa ko motsi ba ta yi. Da na haska fitilar waya na ce ya danna, sai ga fiffiken fankar ya yi ɗan tsalle kamar an hura masa iska, ya tsaya. Wannan ɗan tsallen ya rage mana rabin aiki, zan dawo kansa.

Kafin hannunka ya shiga ciki, kowane lokaci, ka kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfutar wuta, ka zare wayar daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta zube, ka taɓa ƙarfen gidan. Shi kuwa akwatin wutar kansa, kada ka taɓa kwance shi. Abubuwan da ke cikinsa suna riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an zare shi, kuma babu abin da za ka gyara a ciki.

Idan shiru ne tsit, fara da abin da kake ganin ya yi sauƙi da yawa. Makunnin baya yana kan I ko yana kan O? Wayar ta shige har ƙarshe? Soket ɗin bangon yana kawo wuta? Jona wani abu ka gani. Wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan makunni na zaɓen 115 ko 230, dole ya dace da wutar da ake bayarwa a inda kake. Daga nan sai babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod. Wayoyin wuta biyu yake bukata, ba ɗaya ba: babban filogi mai haƙori 24 a gefen dama, da ƙarami mai haƙori 8 a can sama kusa da furosesa, wanda sau da yawa yake zuwa a rabe huɗu-huɗu. Wannan ƙaramin shi aka fi mantawa, don a lungu yake, abin sanyaya furosesa kan kāre shi. Mai haƙori 24 kuma yana da tauri, sai ka tallafi allon ta baya ka danna har kamun ya ce ƙas. In ka hangi 'yar tazara tsakaninsa da mazauninsa, bai zauna ba.

A nan akwai tarko biyu da nake so ka kiyaye. Filogin furosesa mai haƙori 8 da na katin hoto (katin da ke aika hoto zuwa monita), wanda ke rabe shida da biyu, sun yi kama a ido amma jerin wayoyinsu ya saɓa. Karanta abin da aka rubuta a jikinsu, ɗaya CPU ɗaya PCIe, kuma in filogi ya ƙi shiga kada ka yi masa dole. Na biyun ya fi muni: idan akwatin wutarka irin wanda ake cire wa wayoyi ne, kada ka ari wayar wani akwatin ka jona, ko da ta shiga daidai. Ɓangaren da ke shiga akwatin ba tsari ɗaya kamfanoni ke bi ba, kuma ta haka ne mutane ke ƙona ma'ajiyar bayanansu da katin hotonsu a ƙiftawar ido.

Sai 'yan siraran wayoyin gaban gida, waɗanda ke ba kowa wahala. Wadda aka rubuta PWR SW a jikinta ita ce ta maɓallin kunnawa, kuma haƙora biyu kacal take hawa a cikin jerin da ke ƙasan allon. In ka goce da haƙori ɗaya, maɓallin ya zama ado. Buɗe littafin allon ka duba zanen. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce in zare wayar gaba ɗaya, in ɗauki bakin sukuddireba in taɓa haƙoran nan biyu tare na daƙiƙa ɗaya. Aikin maɓallin ke nan daman, haɗa su kawai yake yi. In ta tashi da sukuddireba, laifin na maɓallin ne ko na inda ka soka wayar.

In har yanzu shiru, a gwada akwatin wutar shi kaɗai. Zare duk wayoyinsa daga kwamfutar. A babban filogin, haƙori na 16 shi ne mai ba da umarnin kunnawa, koriyar waya ce ke zuwa gare shi, na 15 da na 17 kuma baƙaƙe ne. Lanƙwasa ƙarfen maƙale takarda ka haɗa koriyar da baƙa ɗaya, sannan ka kunna. Idan wayoyinka duk baƙaƙe ne, kamar yadda ake yin su yanzu, nemi zanen filogin ka ƙirga da kyau, kada ka yi hasashe. Fankarsa ta juya? To yana da rai. Amma wasu akwatunan ba sa juya fanka sai sun ɗau zafi, kuma juyawar ba ta nuna zai iya ɗaukar nauyi. Mai mitar awon wuta ya auna: rawayar waya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, kuma abin da ake so shi ne bambancin kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari, wato layin 12 kada ya gaza 11.4 ko ya wuce 12.6.

To, mu koma kan ɗan tsallen fankar ƙanena. Idan fanka ta zabura ta tsaya, yawanci akwatin wuta ne ya ji wuta ta haɗe a wani wuri ya kashe kansa don kariya. A irin wannan hali ba na ɓata lokaci da leƙe-leƙe, fito da allon nake yi daga gidan ɗungurungum. Ya ce, "Yaya, duk wahalar da na sha a kwance?" Na ce a kwance. Muka ɗora allon a kan kwalin da ya zo a ciki, muka bar masa furosesa da abin sanyayarta, ram guda ɗaya (sandar da ke riƙe bayanai na wucin gadi yayin aiki), da wayoyin wuta biyu. Babu ma'ajiya, babu ƙarin fankoki, babu fitilun ado. Na taɓa haƙoran da sukuddireba, fanka ta kama juyi ba tsayawa. Da muka leƙa cikin gidan, sai ga dalilin: cikin 'yan ƙafafun tagulla da allo ke zama a kansu, akwai ɗaya a wurin da allon ba shi da rami. Tana nan tsaye tana gugar bayan allon, har ta bar ɗan tabo mai ƙyalli kamar ƙwayar gero a jikin fentin. Ka ƙirga ramukan allonka, ka ƙirga ƙafafun, su zo daidai, kowace ƙafa a ƙarƙashin raminta. Ka kuma girgiza gidan ka ji ko wata 'yar kusa ta faɗa ciki.

Wannan rage kaya zuwa mafi ƙaranci shi ne ginshiƙin aikin duka. Kuma in ka fara gwaji, abu ɗaya za ka canza ka kunna. Wanda ya canza ram da waya da batir a tashi ɗaya, ko ta tashi bai san me ya gyara ba, gobe in ta sake yi ya koma farko.

Yanzu ga wadda ta fi yawa, fankoki na juyi babu hoto. Duba bayan kwamfutar tukuna. In kana da katin hoto, a jikinsa wayar monita take shiga, can ƙasa, ba a ramin babban allo na sama ba. Furosesocin Intel masu F a ƙarshen lambarsu ba su da sashen hoto a ciki, haka yawancin furosesocin Ryzen na soket AM4 (soket a nan shi ne mazaunin furosesa a allo) in ba masu G ba, don haka ramin saman ba zai ba ka komai ba. Ka tabbatar monitan yana kan mashigar da ka jona, HDMI ko DisplayPort, katin kuma ya samu wayar wutarsa ta zauna daram.

Allunan yanzu da yawa suna faɗa maka ciwonsu da kansu. Akwai 'yan fitilu huɗu a gefe: CPU ta furosesa, DRAM ta ram, VGA ta katin hoto, BOOT ta ma'ajiya. Suna kunnuwa bi da bi yayin da allon ke duba kayansa, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ce inda ya maƙale. Wanda allonsa ba shi da su ya jona 'yar ƙaramar lasifika a haƙoran SPEAKER ya saurari ƙara. Gajeren "tit" guda yawanci lafiya ke nan, sauran kuma ma'anarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai a duba littafi.

DRAM ce na fi gani a kunne. Ram yana son a danna shi fiye da yadda sabon shiga ke zato, tsoron karyawa ke sa a bar shi rabi a waje. Daidaita tsagarsa da ta mazauninsa, ka sa manyan yatsu biyu a ƙarshensa biyu ka danna har ka ji ƙas. A allo mai mazauni huɗu, guda biyu kan hau na biyu da na huɗu daga furosesa, wato A2 da B2, guda ɗaya kuma A2. Gwada kowane shi kaɗai. Sannan ka yi haƙuri: kwamfuta mai ram irin DDR5, musamman a soket AM5, takan ɗauki mintuna a tashin farko tana daidaita kanta da ram ɗin, monita baƙi, fitila a kunne. Mutane da yawa suna kashe ta a tsakiyar wannan aikin su ce ta mutu. Ni nakan ba ta minti goma kafin in yanke hukunci.

Idan ta taɓa tashi sai ka kunna XMP ko EXPO (saitin ƙara wa ram gudu) ko ka taɓa wani saiti ta ɗauke, mayar da BIOS, wato manhajar da ke cikin allon mai riƙe saitinsa, yadda ya zo. Zare wuta, ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintuna, ko ka haɗa haƙoran share saitin, masu suna CMOS, kamar yadda littafin ya nuna.

Fitilar CPU ita ce mai tayar da hankali, amma ko ita sau da yawa ba mutuwa take nufi ba. Allon na iya zama ya girmi furosesar. Allunan B450 sun fito kafin Ryzen 5000, na Intel jerin 600 sun fito kafin ƙarni na 13, soket ɗaya ne amma sai an sabunta BIOS suke gane juna. Shiga shafin kamfanin allon ka duba jerin furosesocin da yake ɗauka da lambar BIOS da kowace ke bukata. Alluna da yawa suna da maɓalli a baya na sabuntawa daga filash ko babu furosesa: ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte kuma Q-Flash Plus. Filash ɗin ya zama an tsara shi a tsarin FAT32, fayil ɗin a sa masa sunan da littafi ya ce, a soka shi a ramin da aka ware, kuma kada a katse wuta har fitilar ta daina ƙyaftawa.

Sai bayan duk wannan nake ɗaga furosesa. Cire abin sanyayar, ka duba ko ledar da ke manne a ƙasansa tana nan, don ita ce ke sa kwamfuta ta tashi ta yi zafi ta mutu bayan ɗan lokaci. Wayar fankar ta hau CPU_FAN. Alamar kusurwa uku ta furosesa ta dace da ta soket. A AM4 allurai suna jikin furosesar, a AM5 da LGA1700 suna cikin soket ɗin. Haska fitila daga gefe, a karkace: lafiyayyun allurai suna ƙyalli bai ɗaya, lanƙwasasshiya kuwa takan fito daban kamar gashin da ya tashi a tsefaffen kai. Wajen mayarwa ka goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da abin sanyayar ka sa sabo, ka ɗaure kusoshin a gicciye kaɗan-kaɗan. Ɗaurin da ya wuce kima a gefe ɗaya yana iya sa allon ya daina ganin ram.

Wadda ke nuna hoto ta tsaya a BOOT kuwa ta riga ta warke, ma'ajiyar da za ta tashi daga ciki take nema. Danna Del ko F2 ka shiga BIOS ka ga ko ta ga ma'ajiyarka, wato SSD ɗinka. A wasu alluna, sa ma'ajiya irin M.2 yana kashe wasu ramukan SATA, inda ake jona sauran ma'ajiyoyi. Sabuwar ma'ajiya kuma fanko ce, sai ka sa mata Windows ko Linux daga filash.

In ka rage kaya, ka bi duk wannan, ba ta tashi ba, lokacin aro ya yi. Ari akwatin wuta da wayoyinsa, ko ram guda da ka san yana aiki, ka musanya ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya fito. Kafin ka mayar da allo ga wanda ya sayar maka, ɗauki hoton soket ɗin a fili, ka rufe shi da murfin robar da ya zo da shi.

Ta ƙanena, da muka kwance ƙafar nan muka mayar da allon, ban bari ya rufe gidan ba. Mun jona ram na biyu muka kunna, ma'ajiya muka kunna, wayoyin gaba muka kunna, fankoki muka kunna. Sai da ta tashi sau biyar a jere sannan na miƙa masa murfin da kusoshinsa.