Sauya gurbin maɓallan kibiya a Linux: inda ake yawan tuntuɓe

Laftof na hannu irin wanda samarin Nima da Maamobi ke saye a Tip Toe Lane, kasuwar kayan lantarki a Accra, yakan zo da lalurarsa. Ƙurar hunturu ta shige ƙarƙashin madannai, sai ka ga kibiyar hagu ta daina amsawa. Mai Linux ba sai ya sayi sabon allon madannai ba, yana iya ɗora aikin kibiyoyin a kan h, j, k da l, kamar yadda manhajar vi ta Bill Joy ke yi tun 1976. Wajen ɗorawar ne ake shan wahala.

Babban kuskure shi ne bin tsohuwar shawarar amfani da xmodmap, manhajar sauya aikin madannai, ido rufe. A kan X11, tsohon tsarin nuna tagogi na Linux, kaɗai take aiki, alhali Fedora ta koma sabon tsarin Wayland tun 2016, Ubuntu ma ta bi sahu daga 21.04. Sai mutum ya rubuta komai daidai, babu ƙorafin da ya fito, amma ko gezau. Kafin ka taɓa komai, buga echo $XDG_SESSION_TYPE. In ya ce wayland, ka bar xmodmap ta huta. Ko a X11 ɗin ma ba ta da riƙo: ka jona allon madannai na USB ko ka sauya harshen rubutu, gyaran ya tashi. Haka in batir ya ƙare cikin dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ka sake kunnawa, sai dai in ka sa shi cikin abin da ke tashi da kwamfutar.

Wasu kuma su shiga /usr/share/X11/xkb, inda fayilolin tsarin madannai suke, su gyara kai tsaye. Yana yi, har ranar da sabuntawa ta zo ta shafe shi.

A ganina manhajar keyd ce mafita, don tana tare dannawar tun daga tushe, babu ruwanta da X11 ko Wayland. A /etc/keyd/default.conf ka sa [ids] da alamar * a ƙasansa. A sashen [main] ka rubuta capslock = overload(nav, esc), sannan a [nav] ka jera h = left, j = down, k = up, l = right, kowanne a layinsa. Ka riƙe Caps Lock, haruffan su zama kibiyoyi. Ka taɓa shi sau ɗaya, ya zama Escape. Abin da ake mantawa shi ne sudo systemctl enable --now keyd, shi ya sa washegari ake tarar da komai ya koma gidan jiya.

Mu masu rubuta Hausa akwai tarkon da ya fi shafarmu. Kada ka ɗauki Alt na dama ka mai da shi maɓallin riƙewa, wai don yana kusa da babban yatsa. Da shi tsarin madannai da yawa ke fitar da ƙarin haruffa, ka wayi gari wasu sun gagare ka. Caps Lock ne ke zaune ba aikin fari ba na baƙi.

Lambobi ma suna ruɗarwa. Cikin manhajojin da ke nuna lambar maɓalli, Caps Lock 66 ne a xev, amma 58 a evtest, don X11 yana ƙara 8. Yi amfani da sunayen da sudo keyd monitor ke nunawa.

In gyara ya kwaɓe har ka kasa buga kalmar sirri, danna Backspace, Escape da Enter tare. Nan take keyd za ta saki madannan, ka koma ka duba layin da ya karkace.