Darasi na 9: Zaɓen bindigar farauta, takardarta da yadda ake riƙe ta

Ga kalmomin yau, malami ya rubuta su a allo kowa ya bi shi da ƙarfi: bin-di-ga, har-sa-shi, al-ba-ru-shi, ku-na-ma, la-si-si, lam-ba. Kunama a nan ita ce ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa bindiga ta tashi.

Ni a gidan farauta na tashi, kuma na san da yawa cikin masu zama a ajin yamma 'yan dawa ne ko 'ya'yansu, shi ya sa na matsa sai an sa wannan darasi a littafin. Ba wai zan koya muku farauta ba ne, wanda ya san sawun gada daban da na akuya ai ya fi ni sani. Abin da ke damuna shi ne, yanzu bindiga tana zuwa da rubutu, akwai lamba a jikin ƙarfenta, akwai rubutu a gindin harsashi, akwai takardar da hukuma ke bayarwa, kuma na sha ganin gwanin maharbi ya shiga uku saboda kawai bai iya karanta waɗannan ba.

Me za ka harba?

Wannan ce tambayar farko kafin ka taɓa aljihu. Mutane da yawa suna sayen bindiga ne don sun ga ta wani ta yi kyau ko tana da ƙara, alhali naman da kake nema shi ke zaɓar maka bindiga.

In kurciya ce da hasbiya da kurege, ko gafiyar da ta addabi rumbu, to bindigar iska ta wadatar, wadda wasu ke ce wa bindigar tsuntsu. Ba ta cin albarushi, iska ce ke tura ɗan ƙaramin harsashin darma. Girman bakinta iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa, za ka ga an rubuta 4.5 ko 5.5 a jikin bututun, wato milimita kenan, wani lokaci kuma .177 ko .22, duk abu ɗaya ne. Mai 4.5 harsashinta ya fi gudu kuma ya fi tafiya a miƙe, ta yi daidai da ƙananan tsuntsaye. Mai 5.5 ya fi nauyi ya fi duka, ni ita nake zaɓa in dai abin ya kai girman zomo. Gwangwanin harsashin ma akwai lambar a murfinsa, ka duba ta yi daidai da ta bindigarka kafin ka biya. Mafi sauƙi ga mutumin ƙauye ita ce mai karyewa, ka karya bututun ka sa harsashi ɗaya ka mayar, irin su Diana ta Jamus da Gamo ta Sifaniya da Hatsan ta Turkiyya. Akwai kuma mai tanki wadda ake cika wa iska da famfo na musamman, tana da daɗin harbi amma tana da tsada kuma in robarta ta fara yoyo samun mai gyara a karkara aiki ne. Abu biyu ke kashe mai karyewa da wuri: jan kunama babu harsashi a ciki, da ɗura mata man keke ko man inji a ramin iska, don man yana iya kamawa da wuta a ciki ya ƙone robar. Sannan kar ka wuce taku talatin da ita, in ka yi nisa raunata dabbar kawai za ka yi ta je ta mutu a rami, ba ka ci ba ba ka bar ta ba, kuma wallahi wannan ba ƙaramin alhaki ba ne.

Kar wanda ya ce maka bindigar iska abin wasan yara ce. Tana fasa ido, tana iya kisa in ta sami gefen kai ko wuya, kuma a dokar Najeriya ita ma sai da lasisi.

In kuma zabon daji ne da fakara da zomo a guje, ko agwagwar ruwa a fadama, sai bindiga mai kwanso, wato wadda harsashinta kwanso ne mai ɗauke da gari da ƙwayoyin darma, mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Ita tana watsa ƙananan darma ne da yawa a lokaci guda. Wadda aka fi samu ita ce lamba 12, kuma za ka ga 12 ɗin a gindin kwanson. Akwai wata lambar kuma a jikin kwanson mai nuna girman ƙwayoyin da ke ciki, a nan fa mutane ke ruɗewa, domin lamba in ta ƙaru ƙwaya raguwa take yi, lamba 6 ta fi lamba 4 ƙanana, mai rubutun BB kuwa ta fi su duka girma. Tsuntsu 6, zomo da zabo 4 ko 5. Ƙarfin mai kwanso na aiki bai wuce mita talatin zuwa arba'in ba. Ga mai farawa mai baki ɗaya ta fi, irin Baikal ɗin Rasha da aka sani da juriya, harbi ɗaya gare ka don haka dole ka natsu ka saita.

Raifil ta farauta mai harsashi guda ba zan daɗe a kanta ba. Ta manyan namun daji ce a fili mai faɗi, ƙaramar cikinsu ma mai .22 harsashinta yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi in bai sami abin da ya tare shi ba. Dazukanmu yanzu ko'ina gona ce da ruga da mata masu itace, ban ga dalilin da talaka mai neman na miya zai nemi ta ba.

Sai tamu ta gado, bindigar toka, wasu su ce adaka wasu su ce harba-ka-ruga, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Arha gare ta, amma ka dubi bututun da idonka sosai, wadda aka yi da bututun ruwa mai ɗinki a jiki ko wadda tsatsa ta ci ta yi rami-rami kar ka karɓa ko kyauta ne.

Maganar lasisi

Dokar bindigogi ta Najeriya tun 1959 take, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko haramtattu ne ga farar hula, irin na soja kamar AK-47, da fistol, da masu sarrafa kansu, waɗannan shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da izininsu, kuma wanda aka kama da ita babu izini hukuncinsa bai gaza shekara 10 a gidan yari ba. Mai kwanso da ake ja da hannu tana ɗura kanta, wadda ake ce wa fam-akshin, dokar ta cire ta daga cikin na farauta, don haka kar dillali ya ruɗe ka da ita. Gida na biyu su ne mai baki ɗaya da mai baki biyu da raifil ta farauta da bindigar iska, lasisinsu yana ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda, rashinsa na iya jawo ɗauri har shekara 5. Gida na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato ta toka da 'yan uwanta, su kuma maganarsu tana hannun kwamishinan 'yan sandan jiharka.

Ba kowa ake ba ba. Dokar ta ce ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Sannan akwai lokutan da 'yan sanda ke dakatar da ba da sabon lasisi gaba ɗaya saboda halin tsaro, kamar yadda suka sanar a 2023. Saboda haka tsarin shi ne ka fara zuwa hedikwatar 'yan sandan jiha da ƙafarka ka tambaya, takarda tukuna sannan bindiga, kuma a wurin dila mai rajista, da rasit. Katin ƙungiyar mafarauta ko na 'yan banga abu ne mai kyau amma ba lasisi ba ne, haka ma wasiƙar mai unguwa ko ta sarkin dawa, shaida ce ta halinka kawai.

Ga inda karatunmu zai yi aiki. In an miƙo maka lasisi ka nemi abu huɗu a ciki da yatsanka: sunanka, irin bindigar, lambarta, da ranar da zai ƙare. Ka ɗauko bindigar ka nemi lambar da aka buga a ƙarfenta, yawanci a ƙasa kusa da kunama ko a gefen bututu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, in 3 ce a takarda 8 a ƙarfe ka mayar a gyara tun kana wurin. In ka ga an goge wurin lambar da zarto ya yi fari fat, ajiye ta ka kama gabanka, Allah kaɗai ya san abin da aka yi da ita. Lasisi na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya, ba a aronsa, ba ya shiga rabon gado, in mai ita ya rasu magada su sanar da 'yan sanda, haka in ta ɓace ko an sace ta.

Tafiya da bindiga zuwa wata jiha kuma yanzu sai an yi taka-tsantsan ƙwarai. Ba za mu manta da 'yan uwanmu mafarauta 16 ba da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyarsu ta komawa Kano yin sallah da bindigoginsu na toka, Allah ya jiƙansu da rahama. Zalunci aka yi musu. Abin da ke hannunmu dai shi ne bindiga ta yi tafiya babu ɗuri a cikin jaka, takardu a aljihu da kwafinsu a gida, kuma a sanar da 'yan sanda da shugabannin wurin da za a je kafin a tashi.

Riƙo

Ina ɗan shekara goma sha biyu kawuna ya dawo daga dawa da la'asar ya jingina adakarsa a zaure da ɗurinta a ciki. Washegari da asuba ya manta ya sake zuba mata albarushi ya daka. Na ce masa, "Kawu, kamar jiya ba ka harba ba fa." Ya ce, "Yaro, na fi shekara talatin da ita." A bakin fadama ya ɗaga wa zabi, bututun ya tsage kamar an ɓare rake, yatsunsa biyu na hagu suka tafi, har ya koma ga Allah da hannu ɗaya yake ɗaura rawani. Maganin wannan ɗan ƙaramin abu ne, ka sa sandar ɗuri cikin bututu lokacin da babu komai ka yi mata alama da wuƙa daidai baki, duk ranar da alamar ta tsaya sama to akwai ɗuri a ciki. Kuma kar ka kuskura ka farke kwanso ka zuba garinsa a bindigar toka, ƙarfinsa ya fi na albarushi nesa ba kusa ba, ƙarfen maƙera ba zai ɗauka ba.

Kowace bindiga ka ɗauke ta a kan tana da ɗuri ko da kai ka sauke ta da hannunka. Bakinta ƙasa ko sama, ban da saitin mutum ko da wasa, yatsa kuma waje da kunama sai ka saita. In ka ja ba ta tashi ba kar ka juyo ta ka leƙa, riƙe ta yadda take ka ƙirga sittin, albarushin da ya sha raɓa yakan yi jinkiri sannan ya kama. In ka faɗi ko bakin ya taɓa laka ka sauke ta ka duba, ɗan toshi kaɗan ya isa ya fasa bututu. Za ka tsallaka rafi ko shinge ko za ka hau babur, karya ta ka cire kwanson. Motsin ciyawa kuwa ba nama ba ne sai ka ga kai da jiki, sannan ka dubi abin da ke bayansa, masu farautar dare da fitila a goshi su suka fi faɗawa wannan, ido biyu masu ƙyalli a duhu suna iya zama na maraƙin Bafulatani da yaro a gefensa. A farautar gayya a jeru a layi ɗaya kowa ya san gefensa. Ƙwaya da wiwi da giya ba sa haɗa hanya da bindiga. A gida kuma bindiga a kulle wuri ɗaya, harsashi da albarushi a wani wurin daban nesa da murhu, makulli a jikinka, ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ce a gidan da ke da yara.

Lasisin bindiga kuma bai ba ka izinin shiga gandun daji ba. Yankari da Falgore da Kamuku da Gashaka-Gumti duk an hana farauta a ciki, giwa da zaki doka ta kare su a ko'ina suke, mai ciki da mai shayarwa kuwa tun iyayenmu ba sa taɓa su.

Aikin aji

Kowa ya rubuta sunansa da garinsa yadda zai cika su a fom. Malami ya rubuta lambobi biyu masu kama da juna a allo, kamar 40318 da 40813, a nuna inda suka bambanta. A amsa da baki: tsakanin lamba 4 da lamba 6 wacce ta fi manyan ƙwayoyi? Wa ke kula da lasisin bindigar toka? In bindiga ta ƙi tashi nawa za ka ƙirga? Mai lasisi a gida ya zo da kwafinsa mako mai zuwa mu nemi ranar ƙarewarsa tare, takardar kaɗai, bindiga ta zauna a gida.