Yadda Ake Zaɓen Bindigar Kifi Ga Mai Nutso Da Silinda

Samarinmu na Fot Sudan, a gaɓar Bahar Maliya, da suka fara nutso da silindar iska goye a baya, kusan duk kuskure ɗaya suke yi: da an shiga shago sai a nuna bindigar da ta fi kowacce tsawo. Mai santimita 120 ko 130 ta masu riƙe numfashi ce, masu bin manyan kifi a buɗaɗɗen ruwa. Kai da kumfa ke tashi daga bakinka, waɗannan ba sa tsaya maka. Naka su ne kifayen najil da hamur masu laɓewa a kogunan murjani, harbin mita biyu ko uku.

Da farko, kafin ka fitar da ko sisi, je wurin hukumar kamun kifi ka ji matsayin doka, don ƙasashe da dama sun hana harbin kifi da silinda. Sanganeb da Dungonab kuwa killatattun wurare ne, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2016. Ko kusa kada ka kai bindiga can.

Na biyu, tsawo. Santimita 75 zuwa 90, kada ka wuce. Ruwan Bahar Maliya garau yake, shi ke ruɗin mutane, ga gilashin fuska yana ƙara wa kifi girma yana kuma matso da shi. Sai yaro ya harba daga nesa, kibiya ta faɗi ƙasa, ya ce bindiga ta yi gajarta. Matsawa ne bai yi ba.

Na uku, ɗauki mai roba. Mai iska tana rage ƙarfi gwargwadon zurfin da ka yi, kuma in ta fara yoyo sai ka sha wahalar neman mai gyara.

Na huɗu shi ne ɗana ta, kuma nan ne na ga an fi shan kunya. Ana kafa gindin bindiga a ƙirji ne a jawo roba da hannu biyu har wayar da ke jikin robar ta faɗa tsagin kibiya. To ƙirjinka akwai maɗaurin rigar nutso, ga tiyon iska, ga silinda na rinjayar ka baya. Gindin ya zame, roba ta fizge, yatsu su ji jiki. Mutum ya yi ta kokawa yana huci, iskar rabin awa ta ƙare masa babu ko harbi ɗaya. Saboda haka nemi mai faffaɗan gindi mai laushi, da roba biyu masu kaurin milimita 14 maimakon ɗaya mai 18 ko 20. A shago ka sa rigarka ka gwada ko hannunka na isa ga robar ba tare da ka sunkuya ba. Isa kawai za ka gwada, ɗan'uwa: ba a ɗana bindigar nan a tudu, ko da wasa.

Kuɗin da za ka zuba kan mai jikin katako, gara ka sayi ƙirar kamfanin Cressi ko Rob Allen ta alminiyam, ragowar ka ƙaro roba da kibiya. Zafin garin nan yana tsattsaga roba tun ba ta tsufa ba.

Sauran ba wuya. Kibiya mai milimita 6.5 ko 7, mai kunne ɗaya, wato ƙarfen da ke hana kifi zamewa. Igiya gajera, ban da abin naɗi, don yana sarƙewa da tiyo. Duba makullin kunama da kyau. Kada ka ɗaura kifi a ƙugu, ruwanmu akwai kifin shak. In ka fito, wanke ta da ruwan famfo ka shanya a inuwa.